Yadda Na Zama Kunnen Baba Ditma

Ranar da na sauka Dubai, awa shida na yi a bakin ƙofar fita ta filin jirgi ina jiran wani mai suna Gali. Shi ne wai wakilin kamfanin gadaje da kujerun da zan yi wa aiki. Tun ina Kano ya turo mini hoton wurin, da injina sababbi, da ma'aikata sanye da riga iri ɗaya. Na yi ta kiran lambarsa har cajin wayata ya ƙare. Har yau ban taɓa ganin fuskar Gali ba, kamfanin ma ashe babu shi.

Sunana Lawan. Kafinta ne ni, ɗan kafinta. Shekara goma sha bakwai na yi ina haɗa gadaje da durowoyi kafin kasuwa ta mutu a hannuna. Na baro matata Hadiza da 'ya'ya mata biyu, na ce musu shekara biyu kawai zan yi.

Ina zaune a kan jakata ina ta innalillahi, sai wani dattijo mai farin gemu ya tsaya a kaina.

"Kai Bahaushe ne?"

"E, Alhaji."

"Wa kake jira?"

Na gaya masa. Bai yi mamaki ba, bai kuma yi mini faɗa ba. Ya dai girgiza kai ya ce, "Bon. Ɗauki jakarka, yalla."

Alhaji Isufu ke nan, mutumin Maraɗi, mai cakuɗa Hausarsa da Faransanci da Larabci, ya zo rakiyar wani baƙonsa ne. Shi ya kai ni wani filat a unguwar Al Muraqqabat inda mu takwas muke ɗaki ɗaya, a kan gadaje masu hawa biyu. Na sama aka ba ni, hancina kusa da silin. Washegari ya haɗa ni da 'yan kasuwar Kano da ke sayen kaya a Al Ras, na shiga dakon katan-katan daga shago zuwa ofishin kargo. Wata biyu na yi a haka. Idan na bi ta layin masu kayan yaji, ƙamshin kanumfari da citta ya buge ni, sai in tuna kunun Hadiza, in kau da kai kada abokan aiki su ga idona. Ga bizata ta ziyara ce, kullum kwanakinta raguwa suke. Hadiza kuwa duk ta kira sai in ce mata aiki lafiya, ana ta horar da mu.

Alhaji Isufu ne dai ya sake ceto na. Ya san wani Ba'indiye mai suna Raju da ke da shagon haɗa akwatunan katako na kargo a Al Quoz. Raju ya miƙo mini katako biyu ya ce in haɗa su ba ƙusa. Na haɗa. Ya juya, ya ja, ya buga da ƙasa, bai rabu ba. Ya ce, "Khalas, gobe ka zo." Shi ya yi mini takardu.

Na gode Allah, amma aikin ba na kafinta ba ne. Ka yanka, ka harba ƙusa da inji, ka tura gefe, wani ya zo. Akwatin da za a farfasa da zarar ya isa inda za shi. Hannuna yana aiki, raina yana wani wuri.

Wata Asabar da hantsi wata mota ta tsaya a ƙofar shago. Wani dogon tsohon Bature ya fito, siriri, gashinsa fari fat, yana gumi kamar an watsa masa ruwa. Ya buɗe bayan motar ya nuna wa Raju wani akwati mai tsayin ƙirjin mutum. Raju ya leƙa ya ce ba irin aikinmu ba ne. Tsohon ya ce shago na bakwai ke nan da ya je. Har zai rufe, na matso don in gani.

Ban taɓa ganin aikin katako irinsa ba. A sama akwai madannai farare da baƙaƙe kamar na fiyano. A ciki kuwa bututai ne na katako masu kusurwa huɗu, a jere, daga mai tsawon hannu har zuwa wanda bai fi ɗan yatsa ba, kowanne da ɗan baki a gindinsa kamar na sarewa. A ƙasa akwai zuga-zugi irin na maƙera, amma babba. Ko ƙusa ɗaya ban gani ba. Na shafa wata kusurwa da yatsana, na ce da Turancina na kasuwa, "Wanda ya yi wannan ya san aiki."

Tsohon ya juyo ya dube ni sosai. "Me ka ce?"

Na maimaita da ƙarfi.

"Ƙanin matata ne ya yi shi," in ji shi. "Da katakon tsohuwar durowa da ƙofofi biyu. Sunan abin ogan. Ya yi shekara arba'in yana waƙa a ƙasar sanyi, ya zo nan wata takwas ya yi shiru."

Na ga dalilin. Zafin waje da sanyin na'urar ɗaki sun tsattsaga katakon, fatar zuga-zugin ta bushe ta kakkarye, iska na zurarewa ta ko'ina. Raju ya ce idan ina so in yi a lokacina, ranar Asabar da yamma da Lahadi, a lungun shago, shi babu ruwansa. Na ce ina so.

Sunan tsohon Ditmar, mutumin Jamus. Bakina bai iya ƙarshen sunan ba, sai na mayar da shi Baba Ditma. Da na gaya masa ma'anar Baba, ya ce bai taɓa haihuwar ɗa namiji ba, amma ya karɓa.

Da labari ya isa filat, Sabi'u, mai kwana a gadon ƙasa da nawa, ya ce, "Lawan, yanzu kayan kiɗan coci kake gyarawa? Ka baro Kano don wannan?" Maganar ta tsaya mini a rai. Na tambayi malamai biyu, amsarsu ba ta zo ɗaya ba. Na kai wa Alhaji Isufu. Yana jan carbi ya ce, "Ni ba malami ba ne. Amma katako aka ce ka gyara, ko sallarka aka ce ka bari?"

"Katako ne, Alhaji."

"Voilà. Ka tsaya inda zuciyarka ta tsaya, kada ka wuce."

Sai na yanke wa kaina: zan gyara, zan ɗauka in kai, amma ba zan zauna wurin ibadarsu ba. Na gaya wa Baba Ditma haka ƙarara. Ya ce, "Daidai ne. Kafinta nake nema." Bai sake tayar da maganar ba. Shi ne ma idan lokacin la'asar ya yi yake duba agogo ya ƙwace samfefa daga hannuna ya ce, "Je ka, Lawan. Katako zai jira."

Muna aiki yana ba ni labarinsa, guntu-guntu. A wani ƙauye na gabashin Jamus aka haife shi, mahaifinsa mai gyaran takalmi. A zamanin Jamus a rabe take gida biyu, gwamnatin ɓangarensu kuma ba ta son masu zuwa coci. Ya so shiga babbar makarantar kiɗa, aka ce sai ya shiga ƙungiyar matasan jam'iyya, ya ƙi, aka hana shi. Ya tafi wata ƙaramar makaranta ta coci ya koyi buga ogan da koyar da mawaƙa. Daga nan aka tura shi wani ƙaramin gari a bakin kogi, a can ya ƙare aikinsa gaba ɗaya.

"Duk wanda aka haifa a garin nan ni na yi masa kiɗan suna," in ji shi. "Ni na yi masa na aure. Da yawa ni na yi musu na jana'iza."

Ya ce akwai lokacin da wasu 'yan leƙen asirin gwamnati masu dogayen kwat suke zama a kujerar baya suna rubuta sunayen waɗanda suka zo waƙa. Wasu iyaye suka janye 'ya'yansu don tsoro. Shi kuwa sai ya je ya miƙa wa masu kwat ɗin littafin waƙa, ya ce tunda sun zo, ana neman masu babbar murya. Ya yi dariya har da tari da ya tuna.

A cikin mawaƙan ya samu matarsa Hanna. Da ƙasar ta haɗe, matasa suka watse neman aiki a manyan birane, ƙungiyar da ta cika coci ta koma tsofaffin mata 'yan kaɗan. Ya yi ritaya, Hanna ta rasu, ya zauna shi kaɗai a gida ba ya ko buɗe taga. 'Yarsa Katrin, wadda ke aiki a Dubai, ta je ta taho da shi da ƙarfin tsiya. Abu ɗaya ya ce ba zai bari ba, wannan akwatin.

"Na zo nan in jira mutuwa ne," in ji shi. "Sai Katrin ta kai ni coci na ji wasu suna waƙa. 'Yan Filifin, Indiyawa, 'yan Uganda, 'yan ƙasarku. Masu aikin gida, direbobi, masu gadi. Kwana shida suna wahala, rana ɗaya tak ta hutu, su zo su kashe ta a waƙa. Muryoyi kamar zinariya, amma kowa na gudu ta kansa. Na kasa haƙuri, na miƙe na ce su tsaya."

Tun daga ranar ya zama mai koyar da su. Suna shirin wani babban taron waƙa a ƙarshen shekara, yana so ogan ɗin ya yi magana a ranar.

Matsalar farko fata ce. Wadda muka samu a kasuwa ta roba ce, ko kuma mai kauri ta kujera. Baba ya ce sai an yi odar ta daga Jamus, kuma za ta daɗe. Na murza tsohuwar a hannuna, na ce, "Baba, wannan ai fatar tunkiya ce. Muna da wadda ta fi ta." Na kira wani abokina a unguwar majema a Kano, Alhaji Isufu ya sa wani fasinja ya taho da guda shida a jakarsa. Da Baba ya warware ɗaya, ya ja ta, ya sa a baki ya hura, iska ba ta fita ba. Ya ɗora ta a kumatunsa kamar mai gaisawa da jariri.

"A garinku ake yin wannan?"

"Tun kafin a haifi kakana."

A ranar na ji Kano ta yi mini kusa, na kuma ji kaina ya ɗago a karon farko tun da na zo.

Sai kuma na yi ɓarna. Wata Lahadi Baba bai zo da wuri ba. Na ɗauki wani ƙaramin bututu, na ga bakinsa da 'yan zane-zanen wuƙa, ba su yi sumul ba. Idon kafinta ba ya son haka. Na sa samfefa na goge shi tas, ya yi kyau, na mayar. Da Baba ya zo muka hura shi, sai iska kawai, fuuu, babu murya. Ya ɗauka ya duba bakin, ya dubi samfefar da ke kan benci.

Zan iya cewa haka na same shi. Tunanin ya zo mini. Amma na ce, "Ni ne, Baba. Na ɗauka gyara nake."

Fuskarsa ta yi ja har wuya. "Wannan zanen shi ne muryarsa! Hannun Otto ne, ƙanin Hanna. Ya mutu, Lawan. Ba zai sake yin wani ba." Ya faɗi wasu kalmomi da Jamusanci, ya ajiye bututun, ya shiga mota ya tafi.

Sati biyu bai zo ba. Na kasa cin abinci sosai. Hadiza ta kira, ta ji muryata, ta ce, "Baban Amira, me ke damunka?" A ranar na gaya mata komai, tun daga Gali har zuwa bututun. Ta yi kuka, ta yi mini faɗan ɓoye-ɓoye, sannan ta ce, "To ai kai kafinta ne. Ka yi masa wani mana."

Na ciro maƙwabtan bututun guda biyu na auna su ta kowane gefe. Na nemo tsohon katako busasshe daga wata karyayyar durowa da aka jefar a bayan shago. Na yi na farko, bai yi magana ba. Na biyu ya yi kuka kamar ɗan tsako. Raju yana wucewa yana dariya, daga baya ya daina dariya ya kawo mini wata siririyar wuƙa tasa. A na tara ne na hura, na ji murya ta fito, zagayayya, mai sanyi. Na aika wa Katrin saƙo.

Baba ya zo ranar Asabar. Bai gaishe ni da fara'a ba. Na sa bututun a gurbinsa, na taka zuga-zugi, ya danna madannin. Sautin ya cika lungun. Ya ci gaba da dannawa yana kallon fuskata, ba ya kallon ogan ɗin.

"Yana magana?" ya tambaya.

Na ɗauka gatse ne. "Baba, ba ka ji ba?"

Ya ɗaga hannu daga madannin, ya zauna a kan wani akwati.

"Ba na ji, Lawan. Ƙananan nan duka, shekara biyu ke nan ba na jin su. Ranar nan ma ba da kunne na gane ba, fuskarka na gani, sannan na duba bakin. Katrin ba ta sani ba. Mawaƙa ba su sani ba. Bakinsu nake kallo." Ya share gilashin idonsa da gefen riga. "Fushin da na yi, rabinsa ba da kai nake ba."

Na tsuguna a gabansa kamar yadda zan tsuguna wa mahaifina, na ce, "Baba, ni ina ji. Ka koya mini abin da zan saurara."

Haka muka yi. Ya nuna mini cewa idan aka danna bututai biyu tare kuma ba su daidaita ba, sautin yakan yi rawa, wau-wau-wau. Kowane bututu yana da toshi a kansa naɗe da fata. Ka tura shi ciki kaɗan ko ka jawo shi, rawar ta ragu, ta ragu, har ta tsaya cak kamar ruwan randa. Shi yana dannawa, ni ina saurare ina taɓa toshin.

"Yana rawa?"

"Kaɗan, Baba."

"Babu kaɗan. Ko yana yi ko ba ya yi. Sake."

Mutum ne mai tsanani. Bututu ɗaya sai mu yi rabin awa a kansa. Amma kullum yana zuwa da burodin da ya gasa da kansa, baƙi, mai tauri kamar bulo, ni kuma in kawo shayi mai citta. Ya ce shayina magani ne ba shayi ba, na ce burodinsa sai da zarto. Kowa ya cinye na ɗan'uwansa.

Na matsa masa ya gaya wa 'yarsa. Ya ƙi, ya ƙi, rannan dai ya gaya mata. Ta kai shi asibiti aka sa masa na'urar kunne. Na'urar ta taimaka masa wajen jin magana, amma ya ce kiɗa ta mayar masa kamar ana buga gwangwani. Likita ya ce abin gaba zai yi ta yi. Baba ya yanke cewa taron ƙarshen shekara shi ne na ƙarshensa, ya fara koya wa wata 'yar Filifin mai suna Luz, ma'aikaciyar jinya, yadda za ta riƙe ƙungiyar.

Ranar taron, ni da Raju muka kai ogan ɗin cocin tun da rana. Na daidaita shi a ɗakin babu kowa, na fito. Na yi la'asar a inuwar wata bas a wurin ajiye motoci, na zauna a kan dakali. Ta bango nake jiyo su. Ban san me suke cewa ba. Na dai ji muryoyi masu yawa sun tashi tare sun sauka tare, a ƙarƙashinsu kuma ga katakon da na shafe wata biyar ina shafawa yana numfashi da fatar Kano. Da aka buɗe ƙofa mutane suka fito suna share ido, Baba ya ratso su ya zo inda nake, rigarsa sharkaf.

"Gaya mini gaskiya."

"Ya yi, Baba. Ɗaya ne daga can sama ya ɗan yi rawa wajen ƙarshe, da ɗakin ya ɗumama."

Ya kama kafaɗuna biyu ya girgiza ni yana dariya. "Ta bango ka ji wannan? Na yi shekara arba'in ina neman kunne irin naka, ashe yana Al Quoz yana buga ƙusa!"

Bayan wata huɗu ya koma Jamus. Ya ce yana so ya ƙarasa kusa da kabarin Hanna. Ogan ɗin ya bar wa ƙungiyar, ya kuma sa Katrin ta rubuta cewa kada kowa ya buɗe cikinsa sai ni. Kafin ya tafi ya haɗa ni da wani mai gyaran fiyano a gari, yanzu rabin satina can nake, ina aikin katakonsu. Na je gida sau biyu, na ga 'ya'yana sun girma.

Yanzu Baba ba ya ji ko kaɗan. Katrin takan haɗa mu ta waya mai hoto duk lokacin da ta je duba shi. Shi yana magana da ƙarfi kamar mai kiran wani a gona, ni kuma ina rubuta amsa a jikin guntun katako da fensir in nuna masa. A watan jiya Luz ta tura masa bidiyon waƙarsu. Da muka haɗu ya ce ya kalla sau uku.

Na rubuta: "Ya yi kyau?"

Ya ɗaure fuska. "Ka gaya wa Luz suna sauri. Na ga hannunta, na ga ƙirjinsu, ba sa samun numfashi. Ka ce in ji ni, ba jirgi za su kama ba."

Ranar Asabar da na je duba ogan ɗin na tarar da Luz tana jera kujeru. Na isar da saƙon kamar yadda aka ba ni. Ta tsaya da kujera a hannu, ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka. Ta ajiye kujerar ta goge fuska da bayan hannu.

"Mun yi saurin kuwa," in ji ta. "Duk ɗakin nan cike da masu kunne, babu wanda ya faɗa mini."